Shokozoba Mai Bututu Ɗaya Ko Mai Biyu: Wacce Ta Dace Da Hanyoyin Filato, Kuma Daga Ina Ƙara Ke Fitowa Bayan An Ɗaura?

Duk mai Hilux ko Prado ko Pajero da ke zirga-zirga tsakanin Jos da ƙauyukan Bokkos, Mangu ko Riyom, ba ya daɗewa bai san shagon masu shokozoba ba. Inda kwalta ta ƙare burji ya fara, damina takan ƙwaƙule ramuka, rani kuma ya mayar da hanyar gargada zalla. Folo-kam ɗin da motar ta zo da ita takan yi iya bakin ƙoƙarinta. Ran da ta gaji sai ka tsinci kanka a Dilimi, ko a Apo in a Abuja kake, mai shago ya jera maka kwalaye a kan kanta yana cewa, "Alhaji, wannan mai oyil ce, wannan mai gas, wannan 'yar Jamus ce, ga kuma Beljiyam in kana son sauƙi." Kuɗin wata ya ninka na wata sau da yawa, amma kowacce ka taɓa zai ce maka ita ce daidai motarka.

Kafin a kai ga kwalayen nan, akwai wata gurguwar fahimta da ke cin kuɗin mutane. Shokozoba ba ta ɗaukar kaya. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, ko mai naɗi na gaba, ko mai falle-falle da ke bayan akori-kura. Ita aikinta ta hana sifirin ci gaba da rawa bayan taya ta faɗa rami, ta kuma danne tayar ta zauna a ƙasa don birki da sitiyari su sami abin kamawa. Saboda haka in bayan Hilux ɗinka ya zauna don kullum kana loda mata buhunan dankali daga Bokkos, ko ta zinare ka ɗaura ba za ta ɗaga shi ba. Sifirin za ka gyara tukuna. Da yawa sukan sayi mai tsada da fatan ta ɗaga musu mota, bayan ɗan lokaci ta fara zubar da mai saboda tana dakuwa har ƙarshe a kowane rami, sai a ɗora wa mai shago laifi.

Cikinta ba wani abin al'ajabi ba ne. Bututu ne cike da mai, da fistin a kan sandar ƙarfe mai sheƙi. Taya ta yi sama ko ta yi ƙasa, fistin ya tura man ta wasu 'yan kafofi masu bawul. Wahalar da man ke sha wajen wucewa ita ke kashe rawar motar, ƙarfin rawar kuma ya koma zafi. To wannan zafin shi ne tushen bambancin mai araha da mai tsada. Daga Terminus zuwa Bukuru kowace shokozoba mai rai za ta yi aiki. Sai an jima ana dukan gargada ake gane wacce ke iya fitar da zafinta, wacce kuma ke shaƙewa da shi.

Mai bututu biyu

Ita ce ta cika kasuwa. Bututu ne cikin bututu: a na ciki fistin ke aiki, na waje kuma ma'ajiya ce da man da sanda ta kora ke komawa. Tsohon samfurinta ita ake ce wa mai oyil, wadda babu komai a saman manta sai iska. Tana da laushi, ga araha, amma in aka daɗe ana jijjiga ta, mai da iska sukan cakuɗe su yi kumfa kamar nonon da aka burga da maburgi. Kumfa kuwa ba ta iya tare fistin. Nan da nan za ka ji motar ta fara lilo, hancinta na nutsewa in ka taka birki, bayanta na wutsil-wutsil a kwana. In ta huce ta dawo daidai, shi ya sa bakanike zai danna motar da safe ya ce maka lafiyarta ƙalau, kai kuma ka san abin da ka gani jiya a hanya.

Don maganin kumfar nan aka zuba wa wasu gas ɗin naitirojin mai ɗan matsi, yana danne man. Ita ce mai gas da aka fi sani, irin su Excel-G ta kamfanin KYB na Japan, da takwarorinta na Monroe da Tokico. Waɗannan an yi su ne su mayar da mota yadda ta fito daga kamfani, ba ƙari ba ragi. Sama da su akwai waɗanda aka ƙera musamman don motar daji, galibi daga Ostireliya, inda su ma suna fama da doguwar gargada: Nitrocharger ta Old Man Emu mai bututu biyu ce da gas, Ironman da Tough Dog kuma suna da mai soso, wadda aka sa wani soso na musamman a madadin gas don mai ya cika jikinta sosai ya riƙa taɓa bangon waje ko'ina. Jikinsu ya fi kauri, man ciki ya fi yawa, mai yawan mai kuwa yakan daɗe bai ɗau zafi ba.

Abin da ya sa nake ganin ƙimar mai bututu biyu a Filato shi ne duwatsu. Ƙasar nan dutse ce, tayar gaba tana harba tsakuwa kai tsaye kan shokozobar baya. In dutse ya lotsa bututun waje, fistin na ciki bai ma san an yi ba, aiki zai ci gaba. Sannan tana da daɗin zama a kan ƙananan gargada, musamman in bodi babu kaya. Rauninta shi ne zafi sai ya ratsa bango biyu kafin ya kai ga iska, fistin ɗinta ƙarami ne, kuma dole a ɗaura ta a tsaye kai a sama. Aka kifa ta, iska ta shiga inda mai ya kamata ya zauna.

Mai bututu ɗaya

Wannan kuwa bango guda gare ta. Mai a gefe ɗaya, gas a ɗaya gefen, da wani fistin na biyu mai yawo a tsakani da ke hana su haɗuwa sam. Matsin gas ɗin yakan kai bar 20 zuwa 25, wato wajen ninki goma na iskar da ke cikin taya. Wani injiniya Bafaranshe, Bourcier de Carbon, shi ya fito da dabarar, kamfanin Bilstein na Jamus ya ɗauka, Mercedes ta fara sa wa motocinta a 1957. Yau ana samun ta a Bilstein 4600, mai launin ruwan ɗorawa, da 5100 mai ruwan azurfa, da Gas-a-Just da MonoMax na KYB.

Tunda mai da gas ba sa haɗuwa, maganar kumfa ta ƙare. Tunda kuma bango ɗaya ne, iskar hanya na hura shi kai tsaye, zafi na fita da wuri. Fistin ɗinta ma ya fi faɗi, na waɗannan Bilstein ɗin galibi milimita 46 ne, alhali na mai bututu biyu ta yau da kullum bai cika wuce 30 zuwa 35 ba. A tuƙi za ka ji bambancin nan take. Wanda ya taɓa gangaro Hawan Kibo da Prado cike da iyali da kaya a kan rufi ya san yadda doguwar mota ke karkata a kwanonin nan. Da mai bututu ɗaya motar takan kame, ta shiga kwana ta fita ba tare da ta yi ta jan jiki ba, kuma yadda take a Riyom haka za ka same ta a Akwanga ko Keffi, ba ta gajiya a hanya.

Amma fa ba kyauta take ba da wannan ba. In dutse ya lotsa jikinta, bangon da fistin ke gogawa ke nan ya lotsa, shi ke nan sai sabuwa. A bayan akori-kura marar kaya tana da tauri, kowace tsakuwa sai ka ji ta a ƙashin baya, wanda ya zauna a kujerar baya kuwa Allah Ya ba shi haƙuri. Ga tsada, tsadar kuma tana bin dala. Wani abin da masu shago ba sa bayani shi ne 4600 an yi ta ne don motar da ke kan tsayinta na asali, 5100 kuma don wadda aka ɗaga ko ake so a ɗaga. Ta gaba a wasu motocin tana da tsage-tsage da ake sa zobe a ciki don zaɓen tsayin kujerar sifirin. Wanda ya sayi 5100 don sheƙinta kawai, bakanike kuma ya sa zoben a can sama don motar ta yi ƙwarjini, ya jawo wa shaf da bol-join aikin da ba su nema ba.

Akwai kuma masu gwangwanin ƙarin mai a gefe da tiyo, irin su Fox da King da BP-51 ta Old Man Emu. Na masu tsere a sahara ne da masu kuɗin kashewa. Suna bukatar a riƙa buɗe su ana sabunta mai da gas da sil, wato robar da ke hana mai zubowa, mai yi maka wannan a Jos kuwa sai ka yi da gaske. Ban ga dalilin da mai zuwa gona zai saye su ba.

Beljiyam kuma fa? Kayan kamfani ne na asali, wannan gaskiya ne, amma ba ka san kilomita nawa ta ci a ƙasar da ta fito ba, su kansu masu ƙera shokozoba kuwa shawararsu a fara sa mata ido tun daga kilomita 80,000. Kana iya dacewa, kana iya sayen gajiyar wani. In dole ce ta sa, duba sandar ko tana da tsatsa ko ƙarzuwa, danna ta har ƙasa ka ja ta har sama ka ji ko akwai wurin da take wucewa fayau ba turjiya. Mai gas in ka sake ta za ta miƙe da kanta a hankali. Ka kuma lura da sabon fenti. Akwai masu huda matacciya su ɗura mata mai su toshe da walda su fesa baƙi, sai ka shafa da yatsa za ka ji ƙullutun waldar a ƙarƙashin fentin. Jabu cikin kwali mai sunan babban kamfani ma ba ta ƙare ba, a Jos ne ko Apo ko Ladipo. Ta gaske galibi lambarta a buge take a jikin ƙarfe, kuma ta yi daidai da ta kwali, waldar kunnenta a tsabtace, in ka ɗaga za ka ji nauyi. In farashi ya yi daɗi fiye da kima, araha ba ta ado.

Masu Lexus GX470, da wasu Prado masu balan-balan ɗin iska a baya, da Land Cruiser 100 mai ɗaga kanta da mai, da 4Runner mai tsarin X-REAS da aka haɗa shokozobar gaba da ta baya da tiyo, ku tsaya tukuna. Naku ba cire wannan sa waccan ba ne, sai an san abin da za a yi da sauran tsarin.

To wa zai sayi wacce? Ni dai in Hilux ce ko L200 ta aiki, mai zuwa gona da safe wayam ta dawo Farin Gada da yamma da kaya, mai bututu biyu mai kaurin jiki nake zaɓa mata, ko mai soso ko mai gas ta motar daji, bayan an tabbatar sifirin ɗin baya na nan da ƙarfinsa. In aljihu bai kai nan ba, mai gas ta gaske daga KYB ko Monroe ta fi 'yar Jamus ta jabu nesa ba kusa ba. In kuwa Prado ce ko Pajero da mafi yawan rayuwarta kan kwalta ne tsakanin Jos da Abuja, sai jefi-jefi ta shiga ƙauye biki ko ta'aziyya, a nan mai bututu ɗaya ke biyan kuɗinta, don gudu da kwana da dogon zango su ne fagenta. Mai oyil zalla na bar wa tsohuwar motar da ba ta wuce cikin gari. Ana iya sa iri ɗaya a gaba, wani iri a baya, amma hagu da dama dole su zama tagwaye, kuma a canza su tare ko da ɗaya ce ta mutu.

Ranar ɗaurawa

Rabin ƙorafin da ake yi kan sabuwar shokozoba a nan yake samo asali, don haka kar ka ajiye makulli ka tafi. Da an fito da tsohuwar, a jera ta da sabuwar a ƙasa. A gwada tsayinsu a miƙe, a gwada a danne, a duba kunne da ramin da kusa za ta shiga. In ramin ya fi kusar faɗi ko da kaɗan ne, ƙara na nan tafe. In mai bututu biyu ce, a tsayar da ita kai a sama a danna a ja ta 'yan lokuta, don ta daɗe a kwance a kwali, iska ta shiga inda bai kamata ba.

Sandar nan mai sheƙi ba a kama ta da filaya. Ƙarzuwa guda ta isa ta riƙa yanka sil duk shiga duk fita, har mai ya fara tsiyaya. A kan sandar akwai wurin da aka tanada don ƙaramar safana ko makullin alen, nan ake riƙewa. Injin iska na ɗaure noti ma ba nasa wurin ba ne, yana iya juya sandar har abin da ke riƙe fistin a ciki ya saki.

Robobin sama suna da jeri: washa, roba, ƙarfen mota, roba, washa, noti. Washar mai ɗan zurfi ce, cikinta ke rungumar roba. Ana ɗaurewa har robar ta kumbura ta kai faɗin washar, sai a tsaya. Aka wuce nan robar ta tsage, aka gaza sanda ta riƙa wasa. Kar ka yarda a mayar da tsoffin robobi don wai suna da sauran rai, kar kuma a yanko maka daga tsohuwar taya alhali sababbi na cikin kwali.

Babban abin da kanikawa da yawa ke tsallakewa shi ne kusar ƙasa. Ba a ƙarasa ɗaure ta mota na rataye a kan jak. A sa ta sako-sako, a sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, a ɗan girgiza ta, sannan a shiga rami a ɗaure tam. Dalili kuwa, bushin ɗin roba ba ya juyawa a kan kusa, murɗewa yake yi. In aka ɗaure shi taya na reto, da an sauke motar ya riga ya murɗe tun ba a je ko'ina ba, a haka zai zauna dare da rana har ya yage.

Gaban Hilux daga samfurin 2005 zuwa yau, da Prado 120 da 150, shokozoba a cikin sifirin take, sai an matse sifirin kafin a raba su. Wannan aiki da na'urar matse sifirin ake yin sa. In ka ga an ɗauko waya ko igiya, ko yaro ya hau kai da ƙafa, ɗauki kayanka ka canza gareji, don sifirin ɗin jif in ya kuɓuce yana iya karya muƙamuƙi. Bayan an haɗa, bakin sifirin ya zauna daram a gurbinsa na kujera. In an taɓa tsayin mota kuwa, a wuce wajen alaimin kai tsaye. Ɗagawar da ta wuce kamar milimita 50 tana fara shafar shaf da ofa-am da tiyon birki da wayar ABS, wannan kuma wani kashe kuɗin ne daban.

Sai ƙara

An ɗaura, an biya, ka fita ka taka ramin farko ka ji gwaf. Abin da zai fara zuwa ranka shi ne an sayar maka da jabu. Yana yiwuwa, amma shi ne na ƙarshe da za a zarga. Sabuwar shokozoba ta fi tsohuwa turjiya, don haka duk wani bushin ko linkej (guntun ƙarfen da ke haɗa ƙafar taya da sitabilaiza, sandar da ke rage karkatar mota a kwana) da ya riga ya gaji yana lallaɓawa, yanzu ne zai buɗe baki.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ana fama da Prado ɗin wani dattijo. An ɗaura mata sababbi a wani wurin, tun daga nan take ƙwas-ƙwas a baya, har ya yi niyyar mayar wa mai shago. Bakaniken bai ɗauko ko safana ba. Ya kwanta a ƙarƙashi, ya zura hannu ya ɗora yatsu a kan notin sama, ya ce wa yaronsa, "Kai, hau bamba ka girgiza min ita." Yaro ya yi ta danna motar. Can sai ya fito yana karkaɗe riga.

"Ranka ya daɗe, shok ɗinka lafiya lau. Taɓa nan ka ji."

Dattijon ya durƙusa ya sa hannu. "Malam, ai kuwa motsi take."

"Washa ɗaya ce ba a sa ba, ta ƙasan roba. Noti ya kai ƙarshen zare, ya ɗauru tam, amma bai matse komai ba. Wanda ya ɗaura ya ji ya yi tauri ya zaci ya gama."

Hannu yakan gano abin da kunne ya kasa, don ƙara tana bin ƙarfe ta fito a wani wurin daban. Amma ita ma muryar ƙarar tana ba da labari. Ƙwas-ƙwas mai sauri a kan ƙananan gargada, wadda ke ɓacewa a kan kwalta mai santsi, galibi linkej ɗin sitabilaiza ne ko robar sama da ba ta matsu ba. Gwajinsa da sauƙi: a kwance linkej ɗin, a ɗaure shi gefe da waya, a zagaya a hankali cikin unguwa. Ƙara ta ɗauke, an kama ɓarawo. A mayar da shi kafin a hau babban titi.

Gwaf mai nauyi guda ɗaya sai ka lura da lokacin da take zuwa. In tana zuwa ne sa'ad da taya ta rataya, misali motar ta tsallake tudun rage gudu gabanta ya yi sama, shokozobar ta gaza tsayi, tana miƙewa har ƙarshe kafin sifirin ya gama buɗewa. Wannan yakan faru ga wanda ya ɗaga mota ya bar shokozoba mai tsayin asali. In kuwa sa'ad da motar ta dira ne da kaya, ko dai ta yi tsayi da yawa tana rufewa kafin aksul ya kai ga robar da ke tare shi, ko robar nan ta gutsure ta faɗi tuntuni ba wanda ya kula. Duka biyun suna kashe shokozoba cikin ɗan lokaci, na biyun har kunnen shasi yana iya tsagawa.

Ƙiiƙi-ƙiiƙi mai kama da kuka ta bushin ce. Ko an ɗaure shi mota na kan jak, ko irin masu launi ne ja ko ruwan ɗorawa, waɗanda suka fi roba tauri kuma suke son man shafawa nasu na musamman. Ƙurar hunturu tana ƙara musu baki. Kar a zuba wa bushin ɗin roba baƙin mai ko man birki don a rufe masa baki, yau zai yi shiru, gobe ya kumbura ya ruɓe. A Hilux kuma a duba tsakanin fallen sifirin da shakul ɗinsa, don sau da yawa kukan daga nan ne, shokozoba ba ruwanta.

In mai kaurin jiki ka saya, leƙa ka ga ko tana gogar wani abu. Fenti zai nuna maka: duk inda ya goge ya yi fari, akwai maƙwabcin da ke taɓa shi, ko salansa, ko wayar hambirki, ko ƙarfen sitabilaiza. Kafin a kwance komai ma, a girgiza safaya tayar da ke rataye a ƙarƙashin bodi, a duba ƙofar baya da jak da akwatin safanu. An sha kwance shokozoba huɗu a kan safaya tayar da sarƙarta ta yi sako-sako.

Wata ƙarar kuma ba cuta ba ce. Fuu-fuu ɗin da kake ji in mota ta hau tudu a hankali, mai ne ke wucewa ta bawul. A sanyin Jos na Disamba da Janairu man yakan yi kauri da asuba, motar ta yi tauri har da 'yar ƙara, in an ɗan yi tafiya ta sake. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne a saman bututu shi ma ba komai ba ne, tsiyaya har ƙasa ita ce matsala. Wanda kuma ya ce sabuwar shokozoba ta mayar masa da mota tamkar babu sifirin, ya fara auna iskar tayarsa. Masu faci da yawa da ido suke ba da iska, su cika taya har ta yi ƙyam. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba.

In an bi duk waɗannan ƙara na nan, sai a koma kan ita kanta shokozobar. Bayan tafiya a kan gargada, a tsaya a taɓa jikin kowacce da bayan hannu, a yi hattara don takan yi zafi sosai. Mai aiki za ta yi ɗumi, wadda ta yi sanyi ƙalau alhali 'yar'uwarta na ƙuna ba ta yin komai. A baya ana iya cire wadda ake zargi a zagaya fili a hankali ba kaya, a ji ko ƙarar ta tafi da ita. A gaba ba a yin haka, tunda a irin Hilux da Prado ɗin nan ita ke riƙe da sifirin. In ta tabbata ita ce, mai shago zai fara duba sandar ne ko akwai shaidar haƙorin filaya, don haka a kai masa ita da kwalinta da rasit tun ba a ɓata ta ba. In kuma ƙarar ta tafi, a koma gareji bayan 'yan kwanaki na aiki a sake bin kusoshin duka da safana mota na tsaye a ƙasa, don sababbin robobi sukan zauna. Tsoffin da aka cire, musamman masu gas, a gaya wa yaran gareji da 'yan gwangwan kar su sa musu wuta ko su yanka su da injin walda, matsin da ke ciki yana nan ko da shokozobar ta mutu.